Shafi na Uku

Gafasa, Ajingi
8 ga Mayu

Zuwa ga yayan Khaula,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci, kana sallah a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu, ita ma da sauƙi. Ƙanwarka Khaula da mijinta suna lafiya a Gaya. An yi ruwan farko ranar Laraba amma ba a yi shuka ba tukuna.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Shekara biyu kacal da na shiga ajin yaƙi da jahilci wurin Malama Hure, har yanzu layina gangarewa yake yi. Da na kira ka a waya, sai dai maganar ba ta waya ba ce. A gidan nan ko tari na yi sai Larai matar Kawunka ta ji ta bayan katanga. Zan kai wa Khaula takardar ta ɗauki hotonta ta tura maka kamar yadda muka saba.

Littafin gama karatunka da ka rubuta ya iso, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Yanzu ya shiga hannun Liman. Ya buɗe shi a zaurensa a gaban 'yan kwamitin masallaci, har da Kawunka Muhammad Auwal. A ganyen farko ya karanta musu inda ka rubuta da Hausa cewa ka sadaukar da aikin ga mahaifinka marigayi Haruna magini da ni. Kowa ya ce madalla. Sai ya ci gaba da buɗawa, sai ya rufe da ƙarfi ya ce a kawo masa ruwa ya wanke hannu.

Ni ban duba ba. An ce hotunan gumaka ne na dutse, maza da mata ba sutura, suna abin da ba zan iya rubutawa ba. An ce a jikin bangon gidan bautarsu aka sassaƙa su. An ce akwai hotonka kana tsaye a gindinsu da igiyar awo kana murmushi.

Kawunka ya shigo min ko sallama bai gama ba. Ya ce, “Hansai, wannan ne karatun gine-ginen? Shekara biyu a Indiya yana awon tsiraicin gunki?” Na ce, “Yaya, ka sassauta murya.” Ya ce, “Wace murya? Har masu babur a tasha sun ji.”

Ka san 'yan kwamiti sun yi alkawari kai za ka zana sabon masallacin Juma'a idan ka dawo, tunda babanka ne ya gina tsohon da hannunsa. Da wannan maganar nake tashi kullum. Yanzu Kawunka ya ce an jingine ta.

Ka gaya min gaskiya. Me ya kai ka wurin nan? Ka taɓa sunkuya wa abin nan? Me ya sa ka ɗora sunan babanka a kan irin wannan littafi, mutumin da ko rigarsa ba ya cirewa a gona?

Mahaifiyarka,
Hansai


Bhopal, Indiya
13 ga Mayu

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya gwiwar? Kada ki daina shafa man nan. Ni lafiya lau, sai zafi, ya fi na gida.

Inna, ban taɓa sunkuya wa kowa ba sai Allah, kuma ba zan yi ba. Wannan ki ajiye shi a ranki kafin komai.

Amma yaya aka yi littafin ya je wurin Liman? A wasiƙar da na haɗo da shi, a shafi na uku, na rubuta ƙarara cewa ki ajiye shi a akwati, kada kowa ya buɗe sai na zo na yi bayani da bakina. Ke na san ba za ki saɓa ba. Ta hannun Khaula ya biyo, kuma na san bakin mijinta. Na riga na yi mata magana.

Ina jin nauyin abin da zan rubuta, amma kin tambaya. Garin sunansa Khajuraho. Wasu sarakuna ne suka gina ɗakunan bautar Hindu a can, shekara wajen dubu da ta wuce. An ce sun kai tamanin da biyar, yanzu ashirin da 'yan kai suka rage. Dutse ne a kan dutse, ba siminti, ba laka, kowane an sassaƙe shi ya shige cikin ɗan'uwansa. Abin da ya fara kai ni ke nan. Ɗan magini ba zai ga wannan ya wuce ba.

Bangon waje cike yake da mutane na dutse. Akwai mace tana sa kwalli, akwai mai cire ƙaya daga ƙafa, da makaɗa, da mayaƙa, da uwa da jaririnta. Waɗanda suka tayar da hankalin Liman, na abin da ke tsakanin miji da mata, ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Amma suna nan, ba zan ɓoye miki ba, kuma wasu ni ma na sunkuyar da kai ranar farko.

Tambayar littafina ita ce, me ya sa maginan suka sa su a wurin ibada? Ba 'yan iska ba ne, Inna, masu tsoron abin bautarsu ne a yadda suka fahimta. Malamansu na cewa rayuwa tana da manufa huɗu: riƙon gaskiya, neman halali, jin daɗin aure, sannan kuɓutar rai. Wasu sun ce haɗuwar namiji da mace misali ne na ran mutum da ke neman komawa ga mahaliccinsa, har ya manta da kansa. Wasu sun ce an sa su a waje ne don mai shiga ya ga duniya duka da sha'awarta, ya bar ta a ƙofa kamar yadda muke barin takalmi. Har akwai masu cewa kariya ce daga tsawa da kambun baka. Ba wanda ya tabbatar. Abin da na auna da hannuna shi ne, a manyan ɗakunan, an fi sa su daidai inda bangon zauren jama'a ya haɗu da bangon ɗakin ciki. Baba ya sha gaya min cewa a mahaɗar bango gini yake rayuwa ko ya mutu. Na tsaya a wurin na tuna shi.

Can ciki kuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu, ba hayaniyar waje. Da na leƙa na ji tsit, sai na ji wata natsuwa, na gane abin da maginin yake nufi. Ban yarda da addininsa ba, amma na gane aikinsa.

Zanen masallacin na kusa gamawa. Ban rushe na Baba ba. Na bar bakan gizonsa guda biyu masu ɗauke da rufin a tsakiya, sabon ginin ya kewaye su. Ki gaya wa Kawu ya bari na zo.

Ɗanki,
Anas


Gafasa
19 ga Yuni

Zuwa ga yayan Khaula,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gero ya fito, gyaɗa ma ta yi kyau. Ka ga na daɗe. Ruwa ya ɓata hanya, gwiwata kuma ba ta son babur, sai makon jiya na je Gaya na karɓo wasiƙarka da Khaula ta buga min a shago. Ta miƙo min, idonta ya kumbura. Ban san me ka gaya mata ba. Ka sassauta mata.

Kwana huɗu na yi ina karanta ta. Wuri ɗaya na tsaya na kasa wucewa. Ka ce ka leƙa ɗakin gunki ka ji natsuwa. Shekara nawa kana sallah a masallacin babanka, ban taɓa jin ka ce ka ji natsuwa ba. Sai a can? Na sa yatsa a kan kalmar na maimaita ko ni ce ban iya karatu ba. Na kai wa Malama Hure na rufe sauran da hannu na nuna mata ita kaɗai. Ta ce natsuwa ce.

Batun barin duniya a ƙofa kamar takalmi, na ji. Amma mu takalmin muke bari, ba ma zana abin kunya a bango don mu tuna da shi. Abin da ke tsakanin miji da mata Allah ya halatta, ya kuma sa masa labule. Na haifi shida, biyu suka rayu, babanka bai taɓa riƙe hannuna a gaban mutum ba. Kana nufin ba mu san darajar abin ba?

A aji yanzu ba mai zama kusa da ni sai Hanne, ita ma don ba ta ji sosai. Ranar Talata Adama ta ce da ƙarfi, “Malama, a koya mana Indiyanci mana, mu ma mu aika 'ya'yanmu su koyo awo.” Aka yi ta dariya. Na ce, “Adama, naki ɗan ya fara koyon hanyar gona tukuna.” Aka sake dariya, amma da na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kawunka ya dawo min da littafin a cikin buhun taki, ya ce ba zai kwana a gidan Liman ba. Ya ce mafita ɗaya ce. Ranar Juma'a bayan la'asar a ƙona shi a ƙofar gidan Liman a gaban mutane, a ce turawan makaranta ne suka tilasta maka, ka tuba. In an yi haka, shi zai tsaya maka a kwamiti. Na ce, “Yaya, Indiyawa ne ba turawa ba.” Ya ce, “Duk ɗaya ne, ke dai ki kawo ashana.”

Takarda ce kawai. Ka ba ni izini. Ina so in ga ranar da za ka tsaya a filin nan da zanenka a hannu, mutanen da suka yi dariya suna ɗauko maka bulo. Ba na son komai bayan wannan.

Mahaifiyarka,
Hansai


Bhopal
22 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya ba da damina mai albarka.

Natsuwar da na ce, irin wadda mutum ke ji ce idan ya fito daga kasuwa ya shiga zaure mai sanyi. Aikin bango ne da duhu, ba aikin gunki ba. Mako biyar ina jiran amsarki, ashe a kan kalma ɗaya kika tsaya.

Kada ki ƙona. Ba don takardar ba, ina da shi a kwamfuta, gobe ma zan iya buga goma. Amma wancan shi kaɗai na kai aka yi wa bango na musamman, domin naki ne. Kuma abin da Kawu yake so a faɗa ƙarya ne. Ba wanda ya tilasta min. Idan aka ce na tuba, an ce na yi laifi ke nan, kuma da hannunki. Da wace fuska zan shigo Gafasa bayan haka? Su tambaye ni a zaure, zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu ya rage in dawo.

Wani kamfanin gyaran tsofaffin gine-gine a nan ya ce in tsaya in yi aiki da su. Ban amsa ba, saboda ke da masallacin.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki buɗe ganyen farko, inda sunanki yake, ki juya bayansa. Hoto ɗaya ne a wurin. Mace ce ta dutse, ta sunkuyar da kai tana rubuta wasiƙa. Ranar da na gan ta, hoton wasiƙarki ta farko ne a wayar da ke aljihuna, wadda kika yi layi uku kika ce hannunki ya gaji. Saboda ke na sa ta a gaba.

Khaula har yau ba ta ba ni haƙuri ba. Ni ma ba zan kira ta ba.

Anas


Gafasa
17 ga Yuli

Assalamu alaikum.

Muna lafiya. Ban san ta inda zan fara ba, bari in fara da Khaula.

Ba ita ba ce. Ni ce. Ranar da littafin ya iso, na ga wasiƙarka shafi uku. Ka san ni shafi ɗaya nake iya ci a yini, idona ya yi ruwa. Na karanta na farko inda ka ce ka gama, malamanka sun yaba. Sai farin ciki ya ɗauke ni. A gidanmu ba a taɓa cin sabon gero ba sai an kai wa Liman damin farko ya sa albarka. Babanka ko sabon magirbi ya saya sai ya kai an tofa masa addu'a. Na ce wannan shi ne damin farko na ɗana. Ban buɗe ba, don na ga ban isa in riga malamai ba. Na naɗe shi a sabon ɗankwali, na sa turare, na ɗora a ka, na bi ta tsakiyar gari don kowa ya gani. Har na tsaya na gaya wa Adama abin da na ɗauko. Shafi na uku sai bayan kwana biyu na kai gare shi.

Na bar ka ka zagi ƙanwarka wata biyu saboda na kasa rubuta wannan. Ita ta sani tun ranar, ba ta tona ni ba. Duk wasiƙar da na ɓoye gaskiya a ciki, ita ta ɗauki hotonta ta tura maka. Ka kira ta.

Wasiƙarka ta ƙarshe kuwa na karanta ta har ƙasa, sau uku. Ba zan ce ban gani ba. Na gane ka ce kada in ƙona. Ranar Juma'a na ƙona.

Na yi tunanin fushinka zai wuce, masallaci kuwa zai tsaya shekara ɗari. Na ce gara ka dawo kana jin haushina da ka zauna a can kana ganin girmana.

Na kai kasko da kara ƙofar gidan Liman. Mutane sun fi na ranar suna. Kawunka ya yi jawabin tuban da ba ka yi ba. Takardar mai santsi ce, ta ƙi kamawa, sai da aka zuba kananzir. Da wuta ta ci, ganyayen suka riƙa buɗewa da kansu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi kowa a'uzubillahi su suka fi kowa miƙa wuya. Wani tsoho har ya sa sanda yana juya shafi wai don ya ƙone da kyau. Ni ma na gani, ba yadda zan yi. Na ga abin da aka faɗa. Na kuma ga wata tana cire ƙaya a ƙafa, ta karkace daidai yadda nake yi a gona. Liman ya shige gida tun wutar ba ta mutu ba.

Washegari na je wurin Kawunka na ce, “Yaya, to yaushe kwamiti zai zauna?” Yana cin goro bai ɗago ba. Ya ce, “Wane zama? Ai tun mako uku aka ba wani ɗan kwangila daga Kano. Ya kawo zanensa a waya, kowa ya ce ya yi.” Na ce, “To ƙonawar fa?” Ya ce, “Wannan don wanke sunan gida ne, Hansai. Ni ma ina da 'ya'ya mata da za a nema.” Na ce, “Ka ce za ka tsaya masa.” Ya ce, “Na tsaya mana. Ba ki gan ni a tsaye ba ranar Juma'a?” Larai ta yi dariya daga madafi.

Bayan kaka za su rushe tsohon. Na tambaya ko za a bar bakan gizon babanka. Suka ce laka ce.

Ga abin da na yi ke nan. Na kai littafinka inda ka ce kada a kai, na ƙona shi da ka ce kada a ƙona, kuma ban samo maka komai ba. Da ban koyi karatu ba, da Khaula ce ta karanta min wasiƙar nan duka a zama ɗaya, da yanzu littafin yana akwati. Na koyi wanda ya isa in yi ɓarna, bai isa in kai shafi na uku ba.

Abu ɗaya ban gaya wa Kawunka ba. Da safiyar Juma'ar na buɗe ganyen farko kamar yadda ka roƙa. Na karanta sunan babanka da nawa da kaina. Na juya na ga matar. Na sa reza na yanke ganyen, yana cikin gwangwanin da nake ajiye katin asibiti. Ba ta da riga, sai na zana mata mayafi da biro, na bar fuskar da hannun. Ka yi haƙuri, bai yi kyau ba, biron ya zarce. Ta riƙe alƙalamin da ƙarfi kamar za a ƙwace mata, ni ma haka Malama Hure take min faɗa. Har yanzu ban yarda a sa irin waɗancan a bangon ibada ba. Amma wanda ya sassaƙa wannan ya taɓa ganin mace tana neman abin da za ta ce wa wanda yake nesa.

Idan ka karɓi aikin can, ba zan ce ka yi laifi ba. Ba ni da masallacin da zan kira ka da shi yanzu.

Kai ne ɗan fari, ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ban kuma taɓa rubuta shi ba ko a aji. Na gwada a bayan kwalin ashana sau biyu kafin in sa a nan.

Anas. Bayan kaka za su rushe. Ka zo, ko don ka auna bakan gizon kafin nan.

Hansai